A tantance bidiyon karatu kafin a kunna wa yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da iyaye da 'yan'uwanmu malamai. Mu malaman sakandare ne a nan Kaduna, masu koyar da tarihi da labarin ƙasa da kimiyya, kuma maganarmu a kan gajerun bidiyoyin karatu ce, waɗanda yanzu suka cika wayoyin ɗalibai da na malamai.

Ba mu ƙi su ba. Yaron da aka haifa a Rigasa ko Kawo bai taɓa ganin teku ba, balle dutse mai aman wuta. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki. Bidiyon minti biyar zai nuna wa yaro yadda jini ke zagayawa ta zuciya fiye da zanen alli na rabin awa. Sai dai an ɗauka cewa da an kunna, yara sun yi tsit suna kallo, karatu ya shiga. A nan gizo ke saƙa.

A 2008 wani mai bincike, Derek Muller, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Sidni ta Ostireliya a kan koyar da fiziks ta bidiyo. Ɗaliban da ya nuna wa bayani santal, babu gargada, sun fito suna cewa sun gane sarai, amma da aka gwada su makinsu kusan bai motsa ba. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ya fara da kawo kuskuren da mutane suka saba yi, sannan ya warware shi, sun ce ya rikita su, amma su ne makinsu ya tashi. Dalili shi ne yaro ba ya zuwa aji da kai fanko. Yana da nasa tunanin a kan me ke kawo sanyi, me ya sa abu ke faɗuwa ƙasa. Idan ba a tono wannan tunanin an sa shi a gabansa ba, zai kalli bidiyon ya ji kamar abin da ya sani ake maimaitawa, ya tashi da kuskurensa, har ma da ƙarin tabbaci a kai.

Saboda haka ga yadda muke ganin ya kamata darasin minti 40 ya tafi. Tun kafin ranar, malam ya kalli bidiyon sau biyu da littafin manhaja a gefensa, ya rubuta minti da daƙiƙar da zai tsayar. A aji, kafin a kunna komai, ya rubuta tambaya uku a allo, kowane ɗalibi ya rubuta abin da yake zato a littafinsa, da biro, don kada ya goge daga baya. Wannan minti biyar ne. Sai a kunna, ana tsayarwa bayan kowane minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Wurin tsayarwa mafi muhimmanci shi ne dab da za a nuna sakamakon gwaji: a tsayar, a ce wa ke ganin kaza zai faru, a ɗaga hannu, a ƙirga. A kallon farko kada a sa yara rubutu, domin ido ɗaya ba ya kallon allo da takarda lokaci guda. Bayan an gama a kashe talabijin ɗin, kowa ya rubuta ko ya zana abin da ya riƙe da ka na minti biyar, ya musanya da na kusa da shi su gyara wa juna. Sai a sake kallo karo na biyu. Tambayoyin nan uku a sake yin su bayan kwana biyu, a kuma sake bayan mako biyu, babu bidiyo. Wannan maimaicin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa karatun ya zauna.

Game da tsawo, wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya duba kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX, ya ga cewa hankalin masu kallo yana fara barin bidiyo bayan kimanin minti shida. Waɗannan manya ne da suka shiga kwas da kansu. Ga ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, minti uku zuwa biyar ya isa. Na daƙiƙa talatin kuwa, irin wanda ake turawa da yatsa, ba ya ɗaukar bayanin dalili, sai dai ya ba da mamaki.

Yanzu ga babbar matsalar. Yawancin bidiyoyin nan a Amurka da Ingila da Indiya ake yin su, don yaran can. Abin da suke faɗa gaskiya ne a wurinsu, amma ba kullum yake zama gaskiya a Kaduna ba, kuma a labarin ƙasa abin ya fi fitowa fili.

Bidiyo zai ce shekara tana da yanayi huɗu, ya nuna ganye na zuba, ƙanƙara na sauka. Mu kuwa damina da rani muke da su, da kaka da hunturu da bazara a tsakani, kuma abin da ke juya su iska biyu ce: mai laima da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, da busasshiya mai ƙura da ke zuwa daga Sahara ta arewa maso gabas. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa tana saukowa kudu a cikin shekara, shi ya sa ruwa ke riga sauka a Kafanchan da Kagoro kafin Zariya, kuma ya fi yawa a can. Yaron da ya haddace yanayi huɗu zai rubuta su a jarrabawa a tambayar da ta shafi Nijeriya, ya rasa maki.

Haka kuma bidiyon ƙasashen arewacin duniya yakan ce da tsakar rana, rana tana kudu da kai, inuwa na kallon arewa. A Kaduna, wadda take kan digiri 10 da rabi arewa da ikwaita, ba haka ba ne duk shekara, kuma yara za su iya tabbatarwa da kansu da sanda ɗaya. A samu sanda miƙaƙƙiya a kafa ta a shimfiɗaɗɗen wuri, abin da ya fito daga ƙasa ya zama mita ɗaya cif. A gwada tsayuwarta da zare mai ɗaure da dutse, kamar yadda magina ke yi, domin in ta karkata ko kaɗan lissafin ya ɓaci. Daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe ɗaya a riƙa sa alama a ƙarshen inuwar kowane minti goma. Inda inuwar ta fi gajarta shi ne zawali. Ba ƙarfe 12 yake faɗowa ba: agogon Nijeriya an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas, Kaduna kuwa tana wajen digiri 7 da rabi, don haka zawalinmu yana tsakanin 12:15 da 12:45 gwargwadon wata.

A ranar 21 ga Maris inuwar za ta kai santimita 18 zuwa 19, tana kallon arewa. A tsakiyar Disamba za ta miƙe zuwa kimanin santimita 67, nan ma arewa. Amma a 21 ga Yuni za ta koma kudu, kimanin santimita 23, domin a lokacin rana ta wuce mu ta yi arewa. Sau biyu a shekara kuma, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana takan tsaya a tsakar kanmu, inuwar ta kusan ɓacewa a gindin sandar. Ta Agusta hadari yakan hana gani, ga kuma dogon hutu. Ta Afrilu takan faɗo a hutun zango na biyu, sai a bayar da ita aikin gida. A Disamba ƙurar hunturu takan dusashe bakin inuwa, a shimfiɗa farar takarda a ƙasa don a ga iyakarta. In makaranta tana da wata abokiyar hulɗa a Legas, a yi awon tare a 21 ga Maris a gaya wa juna ta waya: tasu za ta tsaya wajen santimita 11. Wannan bambancin hujja ce a hannun yaro cewa doron ƙasa a lanƙwashe yake.

Da wannan awon sai a kawo tambayar da kusan kowane ɗalibi ke faɗi a kanta: me ke kawo sanyi? Za su ce duniya ce ta yi nesa da rana. Alhali a farkon Janairu, lokacin da muke rawar ɗari, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuwa miliyan 152. Karkacewar duniya ta digiri 23 da rabi ita ce sanadi, kuma doguwar inuwar Disamba ita ce shaidarta.

A kula da taswira ma. Wadda aka fi gani, irin ta Marketo, tana nuna tsibirin Girinlan kamar ya yi kai ɗaya da Afirka, alhali Afirka ta kai murabba'in kilomita miliyan 30, ta ninka shi kusan sau 14. Taswirar da ta nuna Sudan a haɗe ta girmi 2011. Wadda ba ta nuna jihohi 36 ba ta girmi 1996. Bidiyon da ya ce duniyoyin da ke zagaya rana tara ne, an yi shi kafin 2006 ko an kwafo daga tsohon littafi. Na Amurka kuma da mil da ma'aunin Farenhait suke awo, jarrabawarmu kuwa kilomita da Salshiyos take so. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

A kimiyya, duk gwajin da za a iya yi da hannu, kada a bar shi a kallo. Bidiyo zai ce ruwa na tafasa a digiri 100. A bakin teku ne haka. Kaduna tana kimanin mita 600 sama da teku, kuma kowace mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya, don haka ma'aunin zafi zai tsaya wajen 98, a Jos wajen 96. Malamin da bai san wannan ba sai ya ce ma'aunin ne ya lalace.

Bidiyon da ke koyar da bambancin asid da kishiyarsa yakan yi amfani da jan kabeji, wanda ba kowace kasuwa ake samu ba. Soɓorodo yana yin aikin. A jiƙa cikin tafin hannu na busasshensa a rabin litar ruwan zafi na minti goma, a tace, a tsarma shi har ya zama ja mai haske, a raba a kofi uku masu garai-garai. Na farko a matsa lemun tsami, jan zai ƙara haske. Na biyu a ɗiga ruwan kanwa ko na toka, zai juye ya yi duhu-duhu mai kore. Na uku a bar shi don kwatanci. Abin da ke ɓata gwajin biyu ne: a bar ruwan da kauri har canjin ba ya ganuwa, ko a sayo zoɓon sha wanda an riga an zuba masa sukari da abarba da kayan ƙamshi.

Akwai kuma gwajin da bidiyoyi da yawa ke yi wa bayanin kuskure: kyandir a faranti mai ruwa, a kife shi da kofin gilashi, ya mutu, ruwa ya hau. Sai a ce iskar oksijin ce ta ƙare, ruwa ya maye gurbinta. Ba haka ba ne galibi. Wutar tana ɗumama iskar ta buɗe, wata ta fice ta ƙarƙashin kofin. Da wutar ta mutu sai ragowar ta huce ta tsuke, tururin ciki ya koma ruwa, iskar waje ta tura ruwan sama. A gwada da kyandir uku maimakon ɗaya: ruwan zai fi hawa, ga shi kuwa oksijin ɗin da ke cikin kofin bai ƙaru ba.

Gargaɗi ɗaya ga iyaye: duk bidiyon da ya ce a haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai, ko a fasa batir, ko a ƙona wani abu a rufaffiyar kwalba, a hana. Haɗin farkon nan iskar kulorin yake fitarwa, tana ƙona huhu.

Tarihi yana da tasa damuwar. An cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare a zangon 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ke nan akwai matasan malamai da su kansu ba su same shi a aji ba, kuma bidiyo ne mafi kusa da hannunsu. Mai yin bidiyo kuwa yana son labari mai daɗi da shekara ɗaya tak, ba ya son ya ce masana sun saɓa. Ɗauki Sarauniya Amina ta Zazzau. Tarihin Kano da aka rubuta ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, yayin da wasu ruwayoyin ke ɗora ta a ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Bidiyo zai zaɓi ɗaya ya faɗa kamar ya halarta, ya kuma haɗa da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta zana, da kayan ƙarfe irin na mayaƙan Turai. Babu wani hotonta da aka yi a zamaninta. A koya wa yaro ya tambayi kowane bidiyon tarihi abu biyu: daga ina mai maganar ya samo, kuma wannan hoton na lokacin ne ko zanen yau ne?

Al'adun Nok ma haka, ga su a jiharmu, a ƙaramar hukumar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu, a 1943 aka samu kan wani mutum-mutumi a Jama'a wanda ya ja hankalin masanin kayan tarihi Bernard Fagg. Tsofaffin littattafai suna fara lissafin Nok daga shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma haƙar da masanan Jami'ar Goethe ta Jamus suka yi tare da 'yan Nijeriya tun daga 2005 ta mayar da farkonta baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwarsa. Malam ya faɗa wa yara duka biyun, ya gaya masu me ya sa adadin ya canza. Wannan shi kansa darasi ne.

Gajerun bidiyoyi suna zuwa gutsi-gutsi, yaro ya kalli na yau bai san ko ya riga na jiya faruwa ba. Maganinsa igiya ce. A ɗaura igiya mai mita biyu a bangon aji, santimita ɗaya shekara ɗaya, daga 1800 zuwa 2000. Bayan kowane bidiyo a maƙala kati: 1804 hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, 1903 faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa, 1914 haɗe kudu da arewa, 1917 dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, 1960 'yancin kai, 1967 Jihar Arewa ta Tsakiya, 1976 sauya mata suna zuwa Kaduna, 1987 cire Katsina. Sai a tambaye su ina katin farkon Nok zai zauna a wannan awon. Mita 33 ne kafin farkon igiyar, sai an fita filin makaranta. Kuma ga Gidan Arewa a titin Rabah, ga gidan adana kayan tarihi a titin Ali Akilu, ga gadar Lugga a Gamji: ziyara ɗaya a shekara ba ta fi ƙarfin makarantar cikin gari ba.

Maganar kayan aiki a taƙaice. Rubutun da ke kan allon talabijin ba ya karantuwa daga nisan da ya wuce tsayin allon sau shida. Talabijin mai inci 32 tsayinsa kimanin santimita 40 ne, wato ana karanta shi daga nisan kimanin mita biyu da rabi. Mai inci 43 ya kai mita uku da ɗan ɗoriya. A aji mai ɗalibi 80, na baya motsi kawai suke gani. A raba su rukuni biyu ko uku, masu jira suna amsa tambayoyin allo. Ƙaramin majigi na aljihu ba ya jure hasken rana, sai an toshe tagogi, ɗaki kuma ya yi zafi. Sauti ya fi hoto saurin kashe darasi: a haɗa lasifika da igiya, domin ta bulutut takan sa murya ta biyo bayan hoto, kuma in ruwa na dukan kwano a haƙura a jira. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in ba a sauke shi ƙasa da rabi ba, zai riƙe talabijin mai cin wat 50 kimanin awa goma.

Bidiyon minti biyar a ƙaramin inganci na 360 yana cin kimanin megabait 20 zuwa 25, a 720 kuwa ya kusa 100. Na 360 ya ishi bayanin baki, amma taswira da rubutu suna buƙatar 480 zuwa sama. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi sunayen garuruwa su dagule. Malam ɗaya ya sauke, saura su karɓa ta Xender ko filash. A sa wa kowane fayil suna mai aji da zango da mako da darasi. Manhajar Kolibri kyauta ce, kuma da an loda mata darussa tana aiki babu intanet. Akwai kuma dandalin karatu na Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, wanda aka tsara a kan manhajar karatunmu.

In Turancin mai maganar ya yi sauri a rage gudun zuwa 0.75. Kada a dogara da rubutun da na'ura ke fitarwa a ƙasan hoto, yana dagula sunaye irin su Zazzau da Kwararrafa. A tattauna da Hausa ko harshen da yaran suka fi ji, amma kalmomin darasin a rubuta su a allo yadda za su zo a takardar WAEC da NECO. A gida kuwa, uba ko uwa su sauke bidiyon, su kashe data kafin su miƙa wayar, in ya gama su ce ya ajiye ta ya gaya masu abin da ya gani. Ba sai sun yi boko ba za su gane ko ya fahimta.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha da hukumar SUBEB shi ne su zaunar da gogaggun malamai na kowane fanni su tantance bidiyoyi, su jera su mako-mako bisa manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, a raba wa makarantu a katin memori. Kati mai gigabait 32 zai ɗauki fiye da bidiyo dubu na minti biyar a ingancin 360. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, hedikwatarta tana nan Kaduna, ta fi kowa dacewa ta koya wa malamai yadda ake darasi da su. Akwai kuma darussan da babu wanda zai yi mana su daga waje: Kogin Kaduna tun daga tsaunukan Jos, ta cikin garin nan, ta madatsun Shiroro da Zungeru, har inda ya faɗa Kogin Neja, duwatsun Kagoro, ganuwar Zariya. Waɗannan a ɗauke su a nan, da Hausa da Turanci, minti biyar-biyar.

Mun gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman sakandare,
Kaduna.